Kogunan Tudun Adamawa: A Fara Da Masunta Kafin A Gayyato Baƙi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sha'awa da ta fara shiga zukatan samarinmu a Ngaundere da Garwa na ƙasar Kamaru, wato ta tuƙa ƙaramin jirgi a kogunan daji masu duwatsu da magangarar ruwa. Hotunan bidiyo na Turawa suna gangarowa cikin ruwa mai kumfa, da hular kwano a ka, sun cika wayoyin yaranmu, kuma da wuya a zauna hirar yawon buɗe ido ba ka ji wani ya ce ai mu ma Allah ya ba mu irin waɗannan koguna, me zai hana mu ci moriyarsu. Gaskiya ne Allah ya ba mu. Abin da nake so in jawo hankalin hukuma da na samarin a kai shi ne, ilimin waɗannan ruwaye yana hannun masunta da 'yan fito da ke zaune a gaɓarsu, kuma duk wani shiri da bai fara da su ba, zai ƙare ne da neman gawa a ƙarƙashin dutse.

Wanda ya taɓa bin mota daga Ngaundere zuwa Garwa ya san dalilin da ya sa kogunanmu ke da fushi. Ngaundere tana bisa tudun da ya haura mita 1,000 daga saman teku, Garwa kuwa ba ta kai mita 300 ba, kuma mafi yawan wannan sauka ana yin ta ne a gangaren nan mai lanƙwashe-lanƙwashe kafin a isa Mbe, inda kunnen matafiyi kan toshe, direban babbar mota kuma ya riƙa jin ƙaurin birki. To, ruwan da ya sauka a kan tudun nan daga watan Afrilu zuwa Oktoba dole ne shi ma ya yi wannan gangara, kuma shi ba shi da birki. Daga nan Binuwai ya taso, ya ratsa gandun dajin da ke ɗauke da sunansa, ya bi ta Lagdo da Garwa da Yola har ya haɗu da Kwara a Lokoja. Daga nan kogin Faro ya taso. Kogin Vina na kudu yana zuba a Jerem, wanda ke haɗuwa da Lom su zama Sanaga mai tsawon kilomita 918, na arewa kuma yana haɗuwa da Mbere su zama Logon, ya bi ta Mundu ya tarar da Shari a Njamena. A kan waɗannan hanyoyi ne ake samun magangarar Vina da ke kusa da Wakwa a kan hanyar Meiganga, da ta Tello a wajen hanyar Belel, mai tsayin fiye da mita 40 da babban kogo a bayan ruwan, da ta Lancrenon can kusa da iyakar Afirka ta Tsakiya, sannan a Cadi akwai ta Gauthiot a kan Mayo Kebbi, gabas da tafkin Lere.

Mutanenmu ba baƙin ruwa ba ne. Hausawa masunta suna cikin waɗanda suka cika bakin tafkin Lagdo tun bayan da aka kammala madatsar a 1982, tare da Musgum da Kotoko da sauran ƙabilu, kuma yaro ɗan shekara goma a can yana iya tsayawa a gindin kwalekwale ya sarrafa shi da sandar gora ba tare da ya ko tangaɗa ba. Sai dai wannan ƙwarewa ta ruwan kwance ce. Kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungume ko aka haɗa da katako yana da tsawo da nauyi, bakinsa kuma a buɗe yake, ga shi kusa da ruwa. An yi shi ne don ya ɗauki taru da kifi da buhunan masara, ya tafi miƙe. Idan aka shigar da shi inda kogi ya matse tsakanin duwatsu, igiya biyu ko uku sun isa su cika shi kafin mai kwarfe ruwa ya ɗaga ƙwaryarsa, kuma da zarar ya juya ya ba ruwa gefensa ya jingina da dutse, ƙarfin kogin zai danne shi a wurin yadda mutum ashirin ba za su iya ɓamɓaro shi ba. Shi ya sa masuntan da ke sama da Lagdo ba sa wasa da irin waɗannan wurare. Sukan fito, su ja jirgin da igiya ta gefe ko su ɗauke shi gaba ɗaya.

Ina so in ɗan daɗe a kan yadda ruwan duwatsu yake, domin a nan ne rashin sani ke kashe gwanayen iyo. Inda kogi ya faɗo daga kan falalen dutse, ko da tsayin bai wuce ƙugun mutum ba, ruwan yakan nutse ƙasa, ya taso a ɗan gaba, sannan na samansa ya komo baya zuwa gindin dutsen. Duk abin da ya faɗa wurin sai ya yi ta juyawa, ya nutse ya taso, ya nutse ya taso, kamar ƙwallon fura a cikin ƙwaryar da ake damawa. Farin kumfar da ke burge mai kallo kuwa iska ce ta gauraya da ruwa, don haka ba ta ɗaukar jikin mutum yadda ruwa zalla ke ɗauka, kuma filafili ba ya samun abin kamawa a cikinta. Akwai itacen da ya faɗo daga kurmin gaɓa ya gitta kogi: ruwa yana wucewa ta tsakanin rassansa, mutum ba ya wucewa. Akwai dutsen da ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashinsa, wanda daga sama ba ka ganin komai sai ruwa yana shiga shiru ba ya tara kumfa a gabansa. Akwai kuma kuskuren da kusan kowa ke yi idan jirgi ya kife, wato ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye a ruwa mai gudu. Ƙafa ta saƙale tsakanin duwatsu, ruwan ya kifar da shi ta fuska, ya nutse a inda zurfin bai kai ƙirjinsa ba. Abin da masana ke koyarwa shi ne mutum ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a sama, har sai ya kai inda gudun ya lafa.

Na ga yadda wani dattijo masunci ke karanta irin wannan ruwa a kogin Vina, a wani wuri da ke nesa da hanyar mota. Tun kafin mu ga komai ya ɗaga filafili ya ce a yi shiru, domin sautin kogin ya sauya daga shuu zuwa wani rugugi mai nauyi da ake ji a ƙirji. A gabanmu ruwan ya yi sumul, ya yanke a miƙe kamar an ja layi, bishiyoyin da ke bayan layin kuma kawunansu kaɗai ake gani. Ya karkata jirgin ya shiga bayan wani dutse inda ruwa ke komawa baya a hankali, muka fita, muka bi gaɓa muna dafa duwatsu masu gansakuka har muka tsaya a kan magangarar. Sai ya karyo reshe kamar tsawon hannu ya jefa a tsakiya. Reshen ya faɗa, ya ɓace, ya ɓullo, ruwa ya sake janyo shi baya, muna tsaye har muka gaji da kallo bai fita ba. Ya karyo wani ya jefa ta hannun hagu, inda ruwan ya yi santsi ya tsuke kamar harshe, wannan kuwa ya wuce nan take. Na ce, “Baba, ashe ta nan akwai hanya.” Ya ce, “Akwai hanyar reshe, ɗana. Ɗauki wancan bakin jirgin.” Haka muka ɗauke shi a kafaɗa muka ratsa kurmi, ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna cizon ƙwaurinmu har jini yana tsattsafowa, muka mayar da shi ruwa a ƙasan wurin.

Abin da dattijon nan ya yi shi ne ainihin abin da ake koya wa masu wannan wasa a ƙasashen da ya kafu: a saurara, a tsaya a inuwar dutse, a fita a duba da ido, sannan a yanke shawara. Bambancin kawai shi ne su sun rubuta nasu. Sun kasa ruwan duwatsu mataki shida, daga na 1, wanda ɗan koyo zai iya bi, zuwa na 6, wanda ake ɗauka shigarsa sayar da rai ne, kuma kowane kogi da ake kai baƙi an san matakin kowane lungu nasa a lokacin cikowa da lokacin janyewa. Jiragensu ma na aikin ne: gajeren jirgin roba mai tauri na mutum ɗaya, wanda ake rufe bakinsa a ƙugun matuƙi don kada ruwa ya shiga, wanda kuma gwani ke iya miƙar da shi da filafili bayan ya kife ba tare da ya fita ba, da babban jirgin da ake hura wa iska, mai ɗaukar mutum shida zuwa takwas, wanda ruwan da ya shiga cikinsa ke tsiyayewa da kansa. Ba mai shiga ba rigar ceto da hular kwano, kuma a kowane wuri mai haɗari akan tsayar da mutum a gaɓa riƙe da jakar igiya da zai jefa wa wanda ya faɗa. Igiyar nan riƙe ta ake yi, ba a ɗaura ta a jiki, domin wadda aka ɗaura ita ce ke riƙe mutum a ƙarƙashin ruwa. Saurayin da ya kalli bidiyon minti ɗaya ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana ganin faɗowa ne da ihun murna.

Tarihin kogunan yankinmu ma yana goyon bayan dattijon. Mungo Park, wanda ya biyo Kwara da jirgi tun daga ƙasar Mali, a duwatsun Busa ya halaka a farkon 1806. Bafaranshen nan Lenfant, wanda a 1903 ya hau Binuwai ya shiga Mayo Kebbi yana neman hanyar ruwa zuwa tafkin Cadi, da ya iso magangarar Gauthiot sai da aka kwance jirginsa aka yi dakonsa a ka aka kewaye wurin, kuma ba sai an faɗa ba, kawunan mutanen ƙasar ne suka ɗauka. Sunansa ne ya shiga littattafai, nasu bai shiga ba.

Bayan duwatsu akwai mazauna ruwan. A Faro da saman Binuwai dorina tana da yawa, kuma inda ta fi son zama shi ne gurbi mai zurfi da ke ƙasan ruwa mai gudu, wato daidai inda matuƙin da ya gaji yake sakin jiki. Dorina mai ɗa ba ta jiran a tsokane ta. Kada ma haka. A watan Disamba na 2010 kada ya fizge Hendri Coetzee, ɗan Afirka ta Kudu da ake lissafawa cikin manyan gwanayen wannan fanni, daga cikin jirginsa a kogin Lukuga na ƙasar Kwango, a ruwan da yake kwance lafiya, abokan tafiyarsa biyu suna kallo. Masunci ya san gurbin da dorina ke kwana, ya san sawunta a gaɓa, ya san lokacin da ake buga gefen jirgi don ta ɗago a san inda take. Babu taswirar da ke ɗauke da wannan. Su kuma ƙananan ƙudajen da na ambata, a ruwa mai gudu suke hayayyafa, kuma su ne ke yaɗa makantar kogi, cutar da kwarin Vina ta wajen Tuboro ya daɗe yana fama da ita. Maganinta da ake rabawa kyauta tun 1987 ya rage ɓarnar sosai, amma wanda zai kwana a bakin waɗannan ruwaye sai ya rufe jikinsa da rana. Inda ruwa ya kwanta kuma tsargiya na jira. Sannan akwai ruwan saman da ya sauka can kan tudu alhali inda kake rana ake yi: kogi ya fara ja, ganye da karare su fara wucewa, cikin ɗan lokaci dutsen da ka ajiye kayanka ya nutse.

Batun tsaro ba ya bukatar dogon bayani ga masu karatun wannan jarida. Dazuzzukan Mbere da Mayo Rey sun sha fama da zargina, wato 'yan fashin kan hanya, da masu garkuwa da mutane, makiyayanmu su ne shaida, kuma ba mai hankalin da zai kai baƙo can ba tare da sanin lamido da jauro da jandarma ba.

Duk da haka, Malam Edita, ban rubuto don in kashe wa kowa gwiwa ba, domin abin yana da amfani idan aka bi ta hanyarsa. A kogin Zambezi, ƙasa da magangarar Victoria, an fara kai baƙi da jiragen iska tun 1981, kuma yau sana'a ce da ke ciyar da gidaje a Zambiya da Zimbabuwe. A Jinja ta ƙasar Yuganda haka aka yi a kan kogin Nilu tun shekarun 1990, har yaran ƙauyukan bakin kogin da suka fara da dakon jirage suka zama jagorori, wasunsu suka shiga gasar duniya. A wasannin Olamfik na Beijin a 2008, Benjamin Boukpeti ya ci wa Togo lambar tagulla a tseren ƙaramin jirgi cikin ruwa mai gudu, kuma ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar. Mu kanmu muna da al'adar gasar ruwa: tseren kwalekwale na bikin Ngondo a kogin Wuri na Duwala, da wasannin kabanci na bikin kamun kifi a Argungu. Ɗan masuncin Lagdo da ya tashi da filafili a hannu ba abin da zai hana shi koyon sauran cikin 'yan watanni, in ya sami malami da kayan aiki.

Abin da nake tsoro shi ne yadda aka saba raba riba a irin waɗannan harkoki. Na taɓa ganin wani mai kai baƙi yawo ya zo da Turawa bakin kogi, ya kira masunci ya nuna musu inda dorina take da inda za a taka a tsallaka, mutumin ya bar komarsa ya yini tare da su, da yamma aka sallame shi da abin da bai kai kuɗin kifin da zai kama a ranar ba, alhali kowa ya san abin da baƙin suka biya a gari. Idan aka gina sana'ar a haka, masunci zai zama ɗan dako a kogin kakanninsa, ranar da ya gaji ya daina zuwa kuma, sai a ɗauko wani yaro daga gari mai jin Faransanci a ba shi rigar jagora. Daga nan ne haɗari ke farawa. A ganina wanda ya san ruwa shi ya kamata ya riƙe takardar jagora, mai jin harshen baƙi ya zama tafintansa.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a yi ta jan ƙafa ba. Wurin da ya dace da wannan wasa shi ne wurin da injiniya ke nema don kafa madatsa, tunda dukansu gangara suke bi. Duwatsun Busa da suka ci Mungo Park suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Magangarar Bujagali, wadda ta fara jawo baƙi Jinja, madatsa ta haɗiye ta a ƙarshen 2011. A nan gida an gina madatsar Nachtigal mai megawat 420 a kan Sanaga, da ta Memve'ele a kan Ntem. Ni ba na cikin masu kukan a bar koguna yadda suke alhali garuruwanmu na kwana cikin duhu. Wanda ya ga yadda ake ɗauke wuta a Garwa da Marwa a watannin zafi idan ruwan Lagdo ya ja baya ba zai raina lantarki ba. Amma ya kamata a san abin da ake da shi kafin a yanke shawarar wanda za a nutsar da wanda za a bari, kuma a halin yanzu mafi yawan wannan sani yana cikin kawunan tsofaffi ne da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ina kira ga ofisoshin ma'aikatar yawon buɗe ido na jihohin Adamawa da Arewa da su zauna da lamidai da sarakunan ruwa, a zaɓi ɗan yanki guda na kogi ɗaya da ke kusa da hanyar mota da asibiti, a bi shi a ƙafa tare da masuntan wurin a ƙarshen damina da kuma tsakiyar rani, a rubuta kowane dutse da gurbi da sunan da mutanen wurin ke kiransa, a sa masa matakinsa. Makarantar horar da jami'an namun daji da ke Garwa, wadda tun 1970 take karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu yawa, tana da masanan da za su taimaka a kan dorina da kada. A nemo malamai daga inda sana'ar ta kafu su horar da 'ya'yan masunta aikin ceto tukuna, kafin a yi maganar baƙi, a kuma ƙayyade kuɗin jagora a rubuce yadda ba mai cin guminsa. Kafin duk wannan ya tabbata, akwai abin da ba ya bukatar jiran kasafin kuɗi daga Yawunde: a kafa alluna da Fulatanci da Hausa da Faransanci a magangarar Vina da ta Tello, inda ɗalibai da 'yan biki ke zuwa ɗaukar hoto a kan duwatsu masu santsi, a ajiye igiya da rigunan ceto a hannun mai gadin wurin, a kuma koya masa yadda ake jefa igiyar.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka, ya tsare mu da iyalanmu.

Wassalam,
Mai karatunku daga Ngaundere, Jamhuriyar Kamaru.